Zanen sauyin adon tukwane a Excel: wa ya taɓa yi?

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri a kan wani kufai da muka tona, rami ɗaya, hawa takwas na ƙasa. Na raba tsingaron gida biyar bisa adon jikinsa, har da na igiyar da ake murzawa da na matsefi. Malamina yana son zanen nan da kowane ado ke farawa siriri, ya yi ciki, sannan ya tsuke, kamar jirgin ruwa idan an hango shi daga sama. Na lalube Excel kaf ban ga irinsa ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Mai digiri na biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Babu shi, haɗa shi ake yi. Kowane hawa layi guda, kowane ado ginshiƙi guda. Ki fara mayar da ƙidayar zuwa kaso cikin ɗari na hawan, misali =B2/SUM($B2:$F2)*100. Sai ki yi wa kowane ado ginshiƙan ciko biyu, hagu da dama: ki cire kason daga 100, ki raba biyu. Ki zaɓi Stacked Bar, ki sa wa ginshiƙan cikon No Fill su ɓace, ki rage Gap Width. Sandunan za su zauna a tsakiya da kansu. Ni yini guda ya ci mini, amma ya yi kyau a takarda.

Ma'aikaciyar gidan tarihi: Akwai ta gajeriyar hanya. Ki rubuta =REPT("|",B2) a kan kason, ki daidaita rubutun a tsakiyar akwatin, shi ke nan jirgi ya fito. A LibreOffice ma tana yi. Da ita nake gwada jeri kafin in zauna yin na bugawa, don idan na ɗaga layi na sauke shi nan take nake ganin siffar.

Mai digiri na biyu: Na manta abu ɗaya, kuma shi ya taɓa kayar da ni. Excel yana sa layin farko a ƙasan zane. Hawa na 1, wanda shi ne saman rami kuma mafi sabunta, sai ya koma gindi, na tsaya gaban malamai ina bayani a kan ado ya ɓace alhali lokacin ya shigo. Ki danna Categories in reverse order.

Tsohon malamin tarihi: 'Yata, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni tambayata: tsingaro nawa ne a kowane hawa? Wannan dabara ta girmi kwamfuta. A 1899 Flinders Petrie, wani Bature mai tonon kayan tarihi, ya jera bayanan kaburbura kusan 900 na Masar a kan siraran kwali, yana ta musanya su har tukwanen suka bi tsari. Daga baya James Ford a Amurka ya riƙa yanka takarda yana jerawa da hannu. Mai yi da hannu yana sanin wace takarda ce ba ta da nauyi, Excel kuwa ba ruwansa. Na taɓa duba aikin da hawa ɗaya ke da tsingaro shida kacal, uku masu adon igiya, sai ga sanda ta kaso 50 ta fi ta hawan da ke da 400 faɗi. Sannan kaso abu ne mai haɗe: idan ado ɗaya ya ƙaru, dole sauran su ragu a zane, ko da masu ginin tukwane ba su bar su ba. Tukunya guda ma tana iya fashewa gida talatin ta cika miki lissafi. Mai tonon kayan tarihi Graham Connah ya samu tudun Daima a Borno mai zurfin fiye da mita 10, shi ya sa jerinsa ya yi ƙarfi; rami ɗaya sai an bi shi a hankali.

Ɗalibar aji huɗu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba yanzu, hawa na 7 tara ne, na 8 goma sha ɗaya, kuma ƙasarsu iri ɗaya ce, ja mai tsakuwa.

Tsohon malamin tarihi: To ki haɗe su, ki faɗi dalili a rubutunki. Ki kuma sa jimillar kowane hawa a gefen dama na zanen, sannan ki nuna wa malaminki kafin ki buga.