An cire nahawu daga GMAT: a yar da littafin ko a riƙe?

Mariama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so in rubuta GMAT, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, kafin ƙarshen shekara don neman MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a waje. Wani a ofishinmu ya ba ni littattafansa uku, na lissafi, na karatu, da wani mai kauri na gyaran jimla zalla. Kafin in kamo trotro daga Circle in iso Madina dare ya yi, awa biyu kawai nake samu. Da wanne zan fara?

Fuseini: Wa alaikumus salam. Mai kaurin nan, ki kai wa mai ƙosai ta riƙa naɗi da shi. GMAC, masu jarrabawar, sun fito da sabon tsari a Nuwamban 2023, tsohon kuma ya rufe a ƙarshen Janairun 2024. Gyaran jimla ya tafi, rubutun insha'i ya tafi. Abin da ya rage sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, karatu da hujja 23, nazarin bayanai 20. Biyu cikin ukun nan lambobi ne. Ni dai magana ta ɗaya ce, duk ɗan Ghana da ya yi makaranta da Turanci tun daga firamare har jami'a, ɓata lokaci ne ya zauna yana karanta nahawu don GMAT. Ki zuba awa biyun nan gaba ɗaya a lissafi.

Abdul-Razak: Fuseini ya zo da zafinsa. Bari Anti Zenabu ta idar da sallar isha'i.

Anti Zenabu: Na idar, na kuma gani. Fuseini, abin da ka ce an cire, an cire ɗin, ba musu. Inda muka rabu da kai shi ne "mun yi makaranta da Turanci". Wane Turancin? Kullum ina duba takardun yaran sakandare, da yawansu suna samun B a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Ka ba su jimla mai layi huɗu, ka ce su nuna maka wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa, sai ka ga ido ya raina fata. Mai aikin yana farkon jimla, aikin yana can ƙarshe, tsakaninsu an cusa bayani biyu da waƙafi. Rubutun da ake kawowa a GMAT ke nan, kan tattalin arziki ko kimiyya ko tarihi, tambaya 23 a minti 45, ko minti biyu ba ka da shi a kan kowace. Sun daina tambayarka ka gyara jimla, amma ba su daina tambayarka ka gane ta ba.

Fuseini: Anti, wannan ai karatu ne, ba nahawu ba. Kin canza filin wasa.

Anti Zenabu: Da me kake karatun, ɗana, in ba ka san yadda aka ɗaura jimlar ba?

Malam Issaka: Ku ba ni wuri kaɗan, ni da lissafi nake ci nake sha. Fuseini, ina tare da kai a kan cewa lissafi na kayar da mutanenmu, amma ba don yana da zurfi ba. Abin da ke ciki bai wuce lissafin dole na sakandare ba: kashi cikin ɗari, rabo, matsakaici, aljebra, halayen lambobi. Su da'ira da kusurwa ma an sauke su daga sabon tsarin. Abin da ke kashe mu kalkuleta ne. WAEC ta bar mu mun shiga da ita, mun girma da ita, a wurin aiki kuma Excel. A sashen lissafi na GMAT babu ita sam, sai a nazarin bayanai ake ba ka wata a fuskar kwamfuta. Mariama, gwada wannan da ka. Buhun shinkafa sidi 400 ne, aka ƙara kashi 25 cikin ɗari, bayan wata guda aka rage kashi 20 cikin ɗari. Nawa yake yanzu?

Mariama: An ƙara 25 an cire 20, saura 5. Sidi 420?

Alhaji Salifu: 'Yata, 400 ne. Ya hau 500, kashi 20 na 500 ɗari ne, ya dawo inda ya taso. Mu a kasuwar Nima ba ma buƙatar takarda a kan wannan.

Abdul-Razak: Alhaji ya tafi Harvard kawai, mu mu riƙe masa shago.

Fuseini: To kun gani! Mai digiri ce fa, tana aiki da lambobi kullum, ga inda ta zame. Littafin nahawu zai tsamo ta daga nan?

Malam Issaka: Dakata, ban gama ba. Ga irin wadda ta fi wahalar da ɗalibaina, tana cikin nazarin bayanai yanzu. Ba a ce ka nemo amsa ba, cewa ake yi ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a amsa. Misali: n cikakkiyar lamba ce. Shin n tana rabuwa biyu ba saura? Bayani na ɗaya: 3n tana rabuwa biyu ba saura. Bayani na biyu: n² + n tana rabuwa biyu ba saura. Yawancin yara sai su ce kowanne ya isa, don dukansu sun yi kama da amsa. Na ɗaya ya isa, don uku ba ta rabuwa biyu, dole n ce ta kawo rabuwar. Na biyun kuwa fanko ne. n² + n ai n sau n + 1 ne, lambobi biyu maƙwabta, dole ɗayarsu ta rabu biyu, ko n ta zama 4 ko ta zama 7. Bai gaya maka komai ba. Yanzu ka cire "cikakkiyar lamba" daga tambayar, na ɗayan ma ya rushe, don n tana iya zama biyu bisa uku, 3n ta ba ka 2. Kalma biyu a farkon layi, ido ya tsallake su, maki ya tafi. Rabin kurakuran da nake gani irin wannan ne, mutum ya iya lissafin, tambayar ce bai karanta ba. Don haka ni a tsakiyarku nake, sai dai ƙafata ɗaya tana wajen Anti.

Fuseini: Malam, rashin natsuwa ne wannan. Maganinsa yawan atisaye da agogo a gaba, ba haddace ƙa'idar aiki da mai aiki ba.

Anti Zenabu: Ban ce ta haddace ba. Ga abin da nake nufi. A sashen hujja za a ce: tun da aka sa fitilun titi a layin, cinikin mai tsire ya ninka, saboda haka fitilun ne suka kawo masa kasuwa. Wanne ne zai raunana wannan magana? Amsar tana iya zama cewa a watan ne aka dawo da tashar trotro bakin layin. Da Hausa kowa a nan ya gane nan take. A jarrabawa zaɓi biyar za su zo, biyu kusan iri ɗaya, bambancinsu ɗaya ya ce "wasu" ɗaya ya ce "yawanci", ko an sa korewa biyu a jimla guda. Wanda bai saba warware jimla ba a nan zai tsaya yana maimaitawa, agogo na tafiya. Kuma barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe yana jawo ragin maki.

Abdul-Razak: Ni fa shi ya sa na karkata GRE, wata jarrabawar neman gurbin digiri na biyu. Tun Satumban 2023 an rage ta, ba ta kai awa biyu ba, ga kalkuleta a lissafi, makarantun kasuwanci da yawa kuma suna karɓa.

Malam Issaka: Ka gudu daga nahawu ka faɗa haddar kalmomin da ko a Daily Graphic ba ka taɓa gani ba, ga insha'i guda, ga da'ira da kusurwa suna jiranka. Allah ya ba da sa'a.

Anti Zenabu: Sannan Fuseini bai faɗi wannan ba: Executive Assessment, wadda GMAC ɗin ce ke yi wa masu neman MBA na manyan ma'aikata, tambaya 40 a minti 90, har yanzu da gyaran jimla a ciki. Ga takardun neman gurbi da za ki rubuta da hannunki, ga hira da za a yi da ke. Duk wannan da Turancin WhatsApp za a yi?

Fuseini: Mariama GMAT ta tambaya, Anti, kuma awa biyu gare ta. Makin yanzu daga 205 zuwa 805 ne, sassan uku nauyinsu ɗaya, 645 na yanzu kusan 700 ne na da. Mai neman irin wannan maki ba ta da daren da za ta kashe a kan tambayar da ba za ta fito ba. Insha'in neman gurbi a yi shi bayan an ci jarrabawa. Kuɗin rajista ma da dala ake biya, a kan canjin sidi na yanzu ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne.

Mariama: Yaya Fuseini, Anti, kun bar ni a tsakiya. Littafin lissafin ma ashe tsoho ne ke nan?

Malam Issaka: Yana da amfani, ki tsallake babin siffofi kawai. Tambayoyin isar bayani, irin ta n ɗin nan da na kawo, da ke cikinsa ki yi su duka.

Alhaji Salifu: Tun magariba kuke ja a kan yarinyar da ba wanda ya auna ta. Ba a ce akwai gwaji na kyauta ba?

Malam Issaka: Akwai guda biyu a mba.com, Alhaji, cikakku, awa biyu da kwata, suna ba da makin kowane sashe daga 60 zuwa 90.

Alhaji Salifu: To Asabar bayan azahar ta zo saman shagona, akwai tebur da fanka, ba yaro ba hayaniya. Ta yi ɗaya a zama guda ta turo mana maki ukun. Inda ya fi ƙasa, nan za ta sa awa biyun.

Fuseini: Na yarda. Lissafi ne zai fi ƙasa, in ba haka ba wake da shinkafar kowa a kaina ranar Lahadi.

Anti Zenabu: Ko lissafin ne ya fi ƙasa sai na ga tambayoyin da ta faɗi ɗaya bayan ɗaya, mu ware na rashin iyawa da na rashin karantawa. Nawa da ƙwai da taliya, Fuseini.

Malam Issaka: Mariama, ki cika cajin kwamfutarki tun daga gida ko za a ɗauke wuta. Wayarki kuma ki miƙa wa Alhaji a ƙasa kafin ki hau.