Neman shawara: zan kai Inna Bursa wankan ruwan zafi, me za mu gani, me za mu kiyaye?

Baban Walida, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Turkiyya. Kayan yara nake sayarwa a babbar kasuwa, nakan je Istanbul sari, amma iyakata unguwar kasuwa ta Laleli da masauki. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har ta kai ga sallah ma a kan kujera take yi. Wata ƙawarta ta ba ta labarin garin Bursa, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane na zuwa su jiƙa jikinsu. Tun ranar ta sa abin a ranta, ni kuma ina so in faranta mata tun ina da hali. Niyyata mu tafi cikin Disamba, in gama sari mu ƙetara mu yi 'yan kwanaki. Tana da hawan jini, tana shan magani. Abin da ke damuna: wankan nan bai saɓa wa addini ba, ta wajen tsiraici? Zai yi mata amfani? Sannan ban so a ce wanka kaɗai ya kai mu, me tsohuwa da ba ta iya doguwar tafiya za ta iya gani a garin? Allah Ya saka da alheri.

Abu Safwan, ɗalibi a Bursa:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗan Runjin Sambo ne, ina karatu a Jami'ar Uluda da ke garin. Abu na farko, ka janye maganar Disamba. Lokacin nan ana ruwa ana sanyi mai shiga ƙashi, dutsen da ke bayan gari yana rufe da dusar ƙanƙara, kuma iska takan sa a soke jirgin ruwan da ke tasowa daga Istanbul. Mai ciwon gwiwa ta fito daga ruwan zafi ta faɗa wannan sanyi, an yi ba a yi ba ke nan. Ka bari sai Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da Sakkwato ke tafasa, nan kuwa gari ya yi kore shar. Satumba da Oktoba ma ba laifi.

Zuwa ba wuya. Jirgin ruwa daga Istanbul zuwa Mudanya, garin bakin teku da ke kusa da Bursa, kamar awa biyu ne, daga can sai mota zuwa cikin gari. Ko ku hau bas ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016. Don Inna na fi son bas ko motar haya, saboda ba sauka da hawa da kaya.

Masauki kuma kada ka kama ko'ina sai unguwar Cekirge, nan ne ruwan yake. Otal-otal da yawa a wurin sun jawo ruwan zafin har cikinsu, wasu har banɗakin ɗaki. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu: akwai lifta, kuma akwai ɗakin wanka na iyali da ake rufewa? Unguwar a jikin tudu take.

Hajiya Kulu, Gawon Nama:
Ɗana, Allah Shi yi maka albarka da wanga tunani. Amma tambaya guda: wa za ya shiga da ita? Kai dai ba ka shiga sashen mata, ko bakin ƙofa ba ka wucewa. Ka nemi ƙanwarka ko matarka a yi tahiyar da ita, in ba haka ba ka bar tsohuwa ita kaɗai cikin mutanen da ba su jin Hausa ba su jin Turanci, a kan daɓen da ke da santsi.

Ni na shiga Eski Kaplija, wato tsohon gidan wankan, tare da abokan sari. Bari in gaya maka yadda abin yake don ka bai wa Inna labari. Da munka shiga sai anka ba kowa ɗan ɗaki na canza kaya, da zane mai ratsi-ratsi na ɗaurawa, da takalmi. Ɗaki na farko ba zafi, na biyu da ɗumi, na ukku shi ne mai tururi. Sama ƙubba ce mai ƙananan tagogin gilashi, haske na saukowa cikin tururin. Jikin bango akwai kwatarniyoyin dutse da ruwa ke zuba ciki ba tsayawa, ka zauna gefe ka riƙa kamfata da ɗan kwano kana kwarara wa jikinka. Zafinsa kamar ruwan wankan jego, duk macen da ta haihu a ƙasar Hausa ba za ta ji shi baƙo ba. Masu cuɗa a sashen mata duk mata ne, dattijai, suna sa wata safar hannu mai kaushi su dirje ki. Ki ɗauka ke mai tsafta ce, sai kin ga abin da ke murzowa daga fatarki. In ba ki so ki ɗaga hannu, ba mai tilasta ki.

Gaskiya guda dai, wasu matan can ba su damu da rufe jiki sosai ba. Mu da zanenmu har ƙirji munka zauna, ba wanda ya ce mana uffan, amma ido yana gani. Don haka in Inna mai kunya ce, ɗakin iyali na otal ya fi mata.

Malam Nasiru, Ƙofar Atiku:
Alhaji, a kan tambayarka ta addini. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk muka karanta a zaure, an ce namiji ba ya shiga gidan wanka na jama'a sai da gyauto, mace kuma ba ta shiga sai da lalurar rashin lafiya. Mahaifiyarka lalura ce za ta kai ta, to ƙofa a buɗe take. Sharaɗi shi ne ta rufe abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa ko a gaban mata 'yan uwanta, ta kuma kau da kai daga na wasu. In akwai ɗakin da za ta rufe ita da 'yarta, an fita daga saɓani gaba ɗaya. Kai ma in za ka shiga na maza, hukuncin gyauton yana kanka. Kuma ku lura wasu manyan otal suna da kwarmin ninƙaya na gamayya, maza da mata, wannan ba wurinku ba ne. Galibin mutanen ƙasar Hanafawa ne, za ku ga ƙananan bambance-bambance a sallah, kada Inna ta tsorata, ta bi liman kawai.

Anti Nas, Arkilla:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar hawan jinin nan ita ta tsayar da ni. Ruwan Cekirge ya haura digiri 40. Ruwa mai zafi haka yana buɗe hanyoyin jini, sai jini ya sauka. Wadda ke shan maganin saukar da jini ta daɗe ciki ta miƙe da sauri, jiri zai kwashe ta, kuma faɗuwar tsohuwa a kan dutse ba ƙaramin abu ba ne, ƙashin ƙugu ake ji wa. Kafin ku sayi tikiti ku je wurin likitan da ke duba ta, ku gaya masa ainihin abin da za ta yi. A auna suga ma, don mai ciwon suga ƙafarsa takan rage jin zafi, ya ƙone bai sani ba. In ya yarda, minti 10 zuwa 15 ya isa a shiga ɗaya, ta fito ta kwanta ta huta, ta sha ruwa sosai. Ba a shiga da cikakken ciki, ba a shiga da yunwa.

Kuma Baban Walida, don Allah ka shirya zuciyarta tun daga gida. Ruwan zafi yana sassauta jijiyoyi, yana rage ciwo da sandarewar gaɓa, za ta ji daɗin barci. Amma guringuntsin gwiwa da ya cinye ba ya dawowa da wanka. Kada ta tafi da tunanin za ta dawo ta jefar da sanda, kada kuma ta ajiye maganinta. Ku ɗauki wanda zai ishe ku a jakar hannu, cikin kwalinsa.

Sani Mai Taya:
Ni fa ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba a wannan marra. Ga Wikki a Yankari ta Bauchi, ruwan ɗumi ne daga ƙasa, ba biza ba dala. Ragowar kuɗin a kai ta Umara.

Baban Walida, Mabera:
Sani, maganarka tana kan hanya, kuma Umara ta yi, alhamdu lillahi. Wikki ruwansa digiri 31 ne kuma a fili yake kowa na shiga, Inna ba za ta yarda ba. Sannan awannin da za ta yi a mota daga nan zuwa Bauchi sun fi na jirgi wahala ga gwiwarta. Hajiya, na gode ƙwarai, ƙanwata za ta bi mu. Anti, gobe in sha Allahu zan nemi ganin likitanta. Abu Safwan, saura wuraren gani.

Abu Safwan, ɗalibi a Bursa:
To Yaya, nan ne bakina ba ya gajiya. Bursa ita ce babban birnin farko na Daular Usmaniyya ta Turkawa. Orhan Gazi ya ci garin a 1326, kuma a 2014 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Amma kada ka yi kwaɗayin gama komai. Wanka da safe, hutu, sannan wuri ɗaya bayan azahar, a tasi.

In wuri ɗaya tak za ta gani, ya zama Ulu Jami, babban masallaci. Sarki Bayazid na ɗaya ya gina shi tsakanin 1396 da 1399. Ƙubba 20 gare shi a kan ginshiƙai 12. Ana ba da labarin cewa ya yi bakancen gina masallatai ashirin in ya ci yaƙi, sai aka ba shi shawara ya gina guda mai ƙubba ashirin. Abin da ya fi kama ni shi ne wurin alwala a tsakiyar masallacin yake, a ciki, ƙarƙashin ƙubbar da haske ke shigowa, kana zaune kana karatu kana jin zubar ruwa. Bango da ginshiƙai kuma cike suke da rubutun Larabci, wasu haruffan sun fi mutum tsawo. Wadda ta yi karatun allo za ta tsaya tana haɗa baƙi da kanta. Ba kowane masallaci ake samun kujera ba, ku sayi 'yar ƙarama mai naɗewa ku riƙa yawo da ita. Ranar Juma'a kuwa sai an yi sammako.

Kuna fitowa, taku kaɗan ne zuwa Koza Han, masaukin fataken alharini da aka gina a 1491. Tsakar gida ce babba mai itatuwa da tebura, da ɗan masallaci a tsakiya an ɗora shi a kan wurin alwala. Ku zaunar da Inna a ƙasa ta sha shayi, ƙanwarka ta hau bene ta sauko mata da gyale ta zaɓa. Ba duk abin da aka kira siliki ne siliki ba, a duba da kyau a kuma taya.

Wata ranar ku je Tophane, a kan tudu, inda hubbaren Osman Gazi, wanda ya kafa daular, da na ɗansa Orhan suke. Ginin da za ku gani sabo ne a kan na asali, don girgizar ƙasa ta 1855 ta rushe na farko. Tasi na kai mutum har kusa, kuma daga wurin ana hango gari duka. Wanda na fi so wa tsohuwa shi ne Muradiye, yana kan hanyarku ta komawa Cekirge. Lambu ne shiru mai manyan itatuwa da kaburburan gidan sarauta. Sarki Murad na biyu, mahaifin wanda ya ci Istanbul a 1453, ya bar wasiyya kada a rufe saman kabarinsa don ruwan sama ya riƙa sauka a kai. Har yau tsakiyar ƙubbar a buɗe take, kabarin kuma ƙasa ce zalla. Yeshil Jami, koren masallaci, tayil ɗinsa abin kallo ne, amma hubbaren da ke gabansa sai an hau matakala, ta tsaya a masallacin.

Ƙauyen Jumalikizik kowa zai ce ku je. Gidajensa na da ne masu kyau, sai dai hanyoyin duwatsu ne marasa daidai, ga tudu, ga ruwa na bin tsakiya. Ban ba Inna shawara ba. Kai ka je kai kaɗai in ta kwanta.

Ummu Hanan, Tudun Wada:
Ba wanda ya yi maganar hawa dutsen Uluda da ke bayan gari! Tsawonsa mita 2,543, kuma ana hawa da wani ɗan ɗaki mai gilashi da ke tafiya a jikin igiya, a zaune kake yana hawa da kai, ko da yake ba ya kai ƙololuwa, daji na wucewa ƙarƙashinka. Surukata da farko ta rufe ido tana salati, daga baya ita ke nuna mana abubuwa. Amma ku tambayi likita wannan ma, kuma ku tafi da rigar sanyi ko da ƙasa ana zafi. Abinci kuma ku ci iskandar, a garin aka ƙirƙiro shi: nama yankan siriri a kan gurasa, da miyar tumatir da kindirmo a gefe, sai mai kawowa ya zo da man shanu yana tafasa ya kwarara a gabanka. Na Inna a ce kada a zuba man. Ku riƙe yajinku daga gida, abincinsu ba ya jin barkono yadda muka saba. Tsaraba kuwa tawul, Bursa ta yi suna a kansa.

Hajiya Kulu, Gawon Nama:
Na koma don abu guda da anka manta. Filin jirgin Istanbul girma gare shi, mai lafiya ma sai ya ji a ƙafa kafin ya kai wurin duba fasfo. Tun wajen sayen tikiti ka ce a rubuta tana buƙatar keken tura marasa lafiya, daga Sakkwato zuwa Abuja, daga Abuja zuwa can, da dawowa. Kyauta ne, kuma mai turawa shi ka bi da ku ta layin da ba cunkoso. Ka nemar mata kujerar gefen hanya cikin jirgi don ta riƙa miƙe ƙafa tana ɗan takawa, zaman ya fi awa shida.