Aikin sauraron waɗanda aka cutar tun suna yara: in karɓa a unguwarmu ko in tsaya inda nake?

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama digiri na biyu a fannin ba da shawara kan halayyar ɗan'adam, kuma shekara uku ke nan ina aiki a wata sakandare a nan Kumasi da albashin gwamnati. Yanzu wata ƙungiya ta ce in zo in riƙa zama da matasa 'yan shekara 18 zuwa 25 waɗanda aka yi wa duka, fyaɗe ko wulaƙancin riƙo tun suna ƙanana. Sun neme ni ne saboda ina jin Hausa da Twi, yawancin yaran kuma 'yan Zango ne. Kwantiragin shekara biyu ne, kuɗin ya ɗara nawa. Abin da ya hana ni barci shi ne ofishin a Asawase yake, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Wadda za ta faɗa mini abin da kawunta ya yi mata, wataƙila kawun nan sahu ɗaya yake da babana a masallaci. Wanda ya taɓa wannan aiki a unguwarsu ya faɗa mini gaskiya. Kuma in na ƙi, in buɗe nawa da yamma, nawa ake karɓa a zama ɗaya?

Ɗan Alabar: Wa alaikumus salam. Ki buɗe naki kawai ƙanwata. Wata da na sani a Akra sidi 500 take karɓa a awa ɗaya, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin ma mutum ya zauna.

Maman Tagwaye: Sidi 500 a Zango? Wa zai ba ki? Ni 150 na biya a nan Kumasi, shi ma sau biyu na je na daina, don kuɗin makarantar yara ya taso.

Ɗan Alabar: Na ce Akra, Hajiya. East Legon, unguwar masu kuɗi, ba Sawaba ba ce.

Tsohuwar Ma'aikaciya: 'Yar Aboabo, ƙanwata, zauna ki ji. Na yi irin wannan aiki da wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba. Abin da ba su gaya miki ba shi ne yaran nan ba sa zuwa su ce "an cuce ni". Za ta ce kaina ke ciwo, ƙirjina na bugawa, ba na barci, in an taɓa ni ta baya sai in firgita. Ta sha faracetamol har ta gaji, an kai ta wajen malamai uku. Akwai wani saurayi, shekararsa 22, yana koyon gyaran mota a Suame Magazine. An kawo shi riƙo daga arewa yana ɗan shekara 6. Wata huɗu muna zama bai ce komai ba sai hirar ƙwallo. Kullum kujerar da ke kusa da ƙofa yake zaɓa, kuma ba ya yarda a rufe ƙofar. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, don ƙa'idar aikin ita ce kada ki tono labari kafin mutum ya iya riƙe kansa: barci tukuna, numfashi, yadda zai dawo da hankalinsa in abin ya taso masa. A wata na biyar da kansa ya tashi ya tura ƙofar, ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon wayar wuta, ya fara magana.

Sati uku bayan haka aka kira mu aka ce masu ba da tallafi sun janye. Wata ɗaya aka ba mu mu rufe. Mutum ashirin da wani abu a hannuna, ba inda zan miƙa su da za a yi musu magana da Hausa. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Anti, da kin san za ki tafi me ya sa kika bari na faɗa?" Wallahi har yau ban sami amsa ba. Na ci gaba da ganinsa kyauta a barandar wata makaranta ranar Asabar har na kasa, don ni ma na fara mafarkin abin da suke faɗa mini, na fara hana 'yata zuwa gidan kowa. Albashin wata biyu na ƙarshe ma ba a biya mu ba.

Maman Tagwaye: Innalillahi. Allah ya saka miki. Yaron fa, yana ina yanzu?

Tsohuwar Ma'aikaciya: Lambarsa ta daina shiga. Na je garejin sau biyu, aka ce ya koma arewa.

Malamin Sawaba: Allah ya kyauta. Amma ku yi haƙuri, abin da addu'a da ruƙya ke magancewa kun mayar da shi sana'a. Tone-tonen abin da ya wuce ba ya haifar da ɗa mai ido. Musulunci ya koyar da suturta asiri.

Nas a Tafo: Malam, da girmamawa, suturta asirin wanda aka zalunta daban, rufa wa azzalumi daban. Ba wanda ya hana addu'a, ni ma ina cewa marasa lafiyata su riƙe azkar. Amma na ga yarinyar da aka yi ta yi wa hayaƙi ana cewa iska ce, alhali mijin goggonta ne iskar. 'Yar Aboabo, abu biyu. Na farko, tabbatar lasisinki na Ghana Psychology Council yana aiki, dokar 2013, Act 857, ita ta kafa hukumar, kuma ba a buɗe wurin ganin mutane ba tare da rajista ba. Na biyu, ki san inda za ki tura wanda abin ya fi ƙarfin magana. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra, Pantang da Ankaful, duk a kudu. A nan sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye ne madogararki. Kuma tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, ki riƙa faɗa wa iyaye, da yawa har yanzu tsoron 'yan sanda ke sa su ɓoye.

Bronx Boy: A nan Amurka sabon mai wannan aiki yana da babba a sama da shi da yake zama da shi a kai a kai. Ki nemi horon EMDR, wata hanyar magance firgicin abin da ya wuce da ake haɗawa da motsa ido, shi ake yayi.

Ɗan Alabar: Kai da rabonka da Aboabo tun ana hawa trotro da tsohon sidi, kai za ka koya mana? Turo mata dalar horon tukuna.

Bronx Boy: Nisa ba ya hana gaskiya zama gaskiya.

Tsohuwar Ma'aikaciya: A wannan ya yi gaskiya. Da ina da wanda nake sauke wa kayan nan duk sati biyu, da ban karye ba. Ki sa a rubuta shi cikin kwantiragi, da kuma yadda za a yi da mutanen in kuɗi ya ƙare.

Mai Koko: Ni fa shekara goma ina wannan aiki kyauta. Duk wanda ya zo sayen koko da ƙosai sai ya faɗa mini damuwarsa. Daga gobe sidi 50 ban da sukari.

'Yar Aboabo: Mai Koko kin ba ni dariya. Anti Tsohuwar Ma'aikaciya na gode, na karanta sau uku. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa tambayata ta unguwa. In na haɗu da yarinyar da ke zuwa wurina a gidan suna fa? In mamarta ta tare ni a kasuwar Asawase ta ce me 'yata ke gaya miki?

Nas a Tafo: Tun zaman farko ku yi yarjejeniya: a waje ba za ki gaishe ta ba sai ta fara gaishe ki. Uwa kuma ki ce "Inna, aikina bai yarda in ce ma na san wanda ke zuwa ba." Za ta ji haushi, za a ce boko ya sa ki girman kai. Ɗan uwa ko maƙwabci na kusa kada ki karɓa sam, miƙa wa abokin aiki. Mai wuyar ita ce in ta ce miki mutumin da ya cuce ta har yanzu akwai ƙananan yara a gidansa. Dokar yara ta 1998, Act 560, ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro ya kai rahoto ga sashen jin daɗin jama'a, ga kuma DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Wannan ma ki faɗa mata tun farko, kada ta ji kin ci amanarta.

Malamin Sawaba: To ka ji. Yarinya ta kai dattijon unguwa wurin 'yan sanda, sannan ta zauna lafiya a Zango? Akwai sarakunan Zango, akwai limamai.

Maman Tagwaye: Su ne ai suke cewa a yi sulhu a gida. Wa ya taɓa tambayar yarinyar ko ta yarda da sulhun?

Ɗan Alabar: Ni abin da ban gane ba, yanzu har bulala ta shiga cikin cutarwa? Mu da aka zane mu a makaranta har muka sauke, ga mu lafiya lau.

Maman Tagwaye: Lafiya lau? Mijina shekararsa 41, har yau in zai karanta Tabbat a gaban mutane harshensa sarƙewa yake. Makarantun gwamnati an hana duka tun 2017, amma ɗana ya dawo daga makarantar Asabar da Lahadi da shatar bulala shida a baya saboda wasali ɗaya. Na je na yi magana, aka ce in ba na so in ɗauke shi.

Malamin Sawaba: Nawa kike biyan malamin a wata, Hajiya? Yara tamanin, mutum ɗaya, sidi 10 ɗin ma sai an yi ta bi.

Maman Tagwaye: Sidi 30 nake biya, kuma ba na fashi. Rashin albashi ne zai huce a bayan ɗana?

Bronx Boy: A nan da tuni an rufe makarantar.

Ɗan Alabar: Kai dai ka turo dalar.

'Yar Aboabo: Ranar Litinin suke son amsa. Anti, in ba damuwa zan neme ki ta saƙo, ina so ki duba mini kwantiragin.