Shin Kodeliya tana da hannu a rushewar gidan Sarki Liya?

Malam Isa: Jama'a, a wasan King Lear na Shekspiya kowa Gonaril da Rigan, manyan 'ya'yan Sarki Liya, yake zagi, amma ni ina ganin autar, Kodeliya, ce ta fara kunna wutar. Ku duba kashi na 1, fitowa ta 1. Liya, tsoho mai shekara sama da 80, ya tara fada zai raba Birtaniya uku, ya ce kowace 'ya ta faɗi irin son da take masa. Da aka zo kan Kodeliya sai ta ce ba ta da abin cewa. Ya ba ta dama ta gyara, ta ce tana sonsa gwargwadon haƙƙin uba a kan 'ya, kuma in ta yi aure mijinta zai tafi da rabin son. Wannan kafiya ce, a bainar jama'a kuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kan uban ne ta gado.

Malama Binta: Malam, na yarda ta gaji zuciyarsa, amma laifin ba nata ba ne. Gasar ma ta bogi ce. An riga an shata taswira, shi ya sa Gonaril na rufe baki ya miƙa mata kasonta tun bai ji sauran biyun ba, kaso mafi albarka kuma ya ajiye wa autar. Yabo kawai yake so a zuba masa. Mutumin da kalma ɗaya za ta sa ya kori 'yarsa ya hana ta kasonta, ya kuma kori amintaccen bafadensa Kent don ya gaya masa gaskiya, ai ko ba ranar ba sai ya yi ɓarna. Rigan da kanta ta faɗa a ƙarshen fitowar cewa uban bai taɓa sanin kansa sosai ba.

Malam Isa: To da ta lallashe shi fa? Da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar yana hannunta, da tsohon yana da wurin fakewa.

Habu: Malam Isa, nan kam kana da hujja, domin Liya ya faɗa da bakinsa cewa a wurinta ya yi niyyar ƙarasa rayuwarsa. Sai dai tsarin da ya kafa bayan korarta shi ne ainihin ɓarakar, kuma shi ya ƙirƙiro shi. Ya ba surukansa mulki da kuɗin shiga, ya riƙe sunan sarki da barade 100, ya ce zai riƙa zaman wata-wata a gidajen 'ya'yan biyu, su ne masu ciyarwa. Sarki biyu ke nan a gida ɗaya, ɗaya da iko, ɗaya da dakaru. Ba a cika mako biyu ba Gonaril ta zaftare 50. Rigan ta ce 25. Gonaril ta ce me zai yi da 10 ko 5, Rigan ta ce me zai yi ma da ɗaya.

Hajiya Rabi: Kada ku haɗa manyan biyun a hali ɗaya. Gonaril mai tsarawa ce, ita ta umarci baranta Oswal ya yi wa uban sakaci don a sami dalilin rigima. Rigan bi take yi, sannan ta zarce: da mijinta Konwol ya ce Kent, wanda ya ɓad da kama ya dawo yana yi wa Liya hidima, ya zauna a turu zuwa tsakar rana, ita ta ce har dare, ya kwana ma. Da Konwol ya ƙwaƙule wa Gulosta, wani basarake mai goyon bayan Liya, ido ɗaya, ita ta ce a haɗa da ɗayan. Liya shi ma ba kanwar lasa ba ne, bakin da ya yi wa Gonaril na kada ta taɓa haihuwa yana da muni ƙwarai.

Malama Binta: Hajiya, kin kawo ni inda nake so. Mai kafiya irin ta uban ba ya yafiya da sauri. Kodeliya ta dawo da rundunar Faransa, ƙasar mijinta, domin ta cece shi, da ya ce tana da dalilin ƙinsa a kashi na 4, ta ce babu wani dalili.

Malam Isa: Malama, yafiyar ban musa ba. Amma rundunar waje ta shigo da ita ƙasar ubanta, aka ci su da yaƙi, wannan ne ya ba Edmon, ɗan Gulosta da ke ɓangaren yayyenta, damar sa a rataye ta a kurkuku. Har yanzu ina nan a kan cewa zuciya take bi kafin lissafi, a kashi na 1 da na 5 duka.