Neman kalma: ruwan da ke faɗowa cikin kwamin kifi na gida

Mai fassara, Kaduna: Assalamu alaikum, malamai. Ina da shirin rediyo na minti 15 da za a naɗa ranar Alhamis da safe, kuma rubutun da aka ba ni in mayar Hausa an yi shi ne da Ingilishi domin masu lambu na Ingila da Amurka, waɗanda ke ajiye kifin ado a bayan gida. Yana bayanin yadda mai kwamin kifi zai tara ƙasa da duwatsu a gefe guda, ya sa inji ya tura ruwa ta bututu zuwa sama, ruwan ya faɗo daga kan dutse, ya bi wata 'yar hanya da aka shimfiɗa wa leda aka zuba tsakuwa, sannan ya koma cikin kwamin. Kalmomi biyu ne suka gagare ni, wato "waterfall", wurin da ruwan ke faɗowa, da "stream", 'yar hanyar da yake bi. Tsayin abin bai wuce ƙugun mutum ba, shi ya sa nake jin nauyin kiransa da sunan da ake kiran manya irin na Gurara da ke jihar Neja. Me kuke gani?

Tsohon malamin Hausa, Zariya: Wa alaikumus salam, Malama. Ta farkon ba sai an ƙirƙira ba, domin muna da matsirga, daga aikatau tsirga, kamar yadda ake cewa yaro ya tsirgo daga bayan mota. Sunan wuri ne a kan awon makaranta da mahauta, kuma da shi ake kiran wanda ke kusa da Kafanchan, ko da yake mutanen wurin suna da nasu sunan a harshensu. Idan ƙanƙantarsa ce ta dame ki, sai ki ce 'yar matsirga. Ta biyun kuwa ƙorama ce. Kada ki ce rafi, saboda manomin da ya ji rafi a rediyo zai ɗauka shirin noman rani ne.

Mai kiwon kifi, Minna: Baba Malam, Allah ya ƙara sani, amma a nan magangara muka fi ji, kuma na tambayi yara uku a gidana, babu wanda ya san matsirga. Ina kuma roƙon Malama kada neman suna ya sa ta bar amfanin abin. Faɗowar ruwan ce ke cusa masa iskar da kifi ke shaƙa, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar sosai: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 a zafin digiri 20, amma a digiri 30 sai ta sauko zuwa wajen 7 da rabi. Tarwaɗa tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka tana jurewa, amma karfasa da kifin ado ba su da wannan gatan, kuma da asuba suka fi galabaita.

Magini, Kano: Da izinin malamai, ni da na gina irin wannan da hannuna ina ganin duk an yi nisan kiwo. Sunansa indararo. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san yadda ruwan sama ke taruwa a rufi, ya fito ta bakin indararo, ya faɗo ƙasa da ƙara, kuma abin da muke ginawa ke nan, illa dai inji ne ke kai ruwan sama maimakon hadari. Indararon lambu, ko indararon kifi. Idan na ce wa lebura ya gina mini matsirga zai tsaya yana kallona, idan kuwa na ce indararo, kafin in rufe baki ya ɗauko cebur.

Tsohon malamin Hausa, Zariya: Alhaji, indararo na fitar da ruwan da ba a so ne. Ruwansa kwata yake nufa. Ba na jin mai gidan da ya kashe kuɗi domin ado zai yarda a ce masa ya yi indararo a tsakar gida. Game da magangara, Hajiya, gangara tafiya ce a kan tudu sannu a hankali, ruwa bai rabu da ƙasa ba, alhali wanda ake magana a kai yana barin dutse ya faɗo. In ma za a yi amfani da ita, ta fi dacewa da hanyar ruwan.

Magini, Kano: To ai nan ne gizo ke saƙar, Malam. Ku kuna duba asalin kalma, mu kuwa muna duba wanda zai yi aikin. Dutsen da ruwan ke zubowa ta kansa dole ya zama shimfiɗaɗɗe, a daidaita shi da ma'aunin magina, ya ɗan zarce gaba kamar leɓe, in ba haka ba ruwan zai lallaɓa ta ƙarƙashinsa ya bi bayan leda, a wayi gari kwami ya ragu da taƙi guda ana zargin rana. Ledar sama kuma ita ce ke hawa kan ta ƙasa, kamar jeren kwanon rufi. Wanda ya riƙe siffar indararo a ransa ba zai yi wannan kuskure ba. Wace matsirga ce za ta koya masa haka?

Ɗalibin harshe, Maraɗi: Ina gaida iyayena. A wajenmu 'yan boko kaskad suke cewa, daga Faransanci, kamar yadda na ji wasunku suna cewa watafol, kuma ba na goyon bayan ko ɗaya. Sai dai ina lura cewa duk lokacin da aka zo neman kalma, abin da Kano da Zariya suka sani shi ake kira Hausa, namu kuwa a ce karin harshe ne. Rediyon Kaduna yana da masu saurare a wannan gefen iyaka, kuma mu ruwa mai gudu gulbi muke ce masa, kamar Gulbin Maraɗi. Me zai hana a ce ɗan gulbi?

Tsohon malamin Hausa, Zariya: Ɗana, ba wanda ya raina gulbi, kuma Katsinawa da Sakkwatawa ma suna faɗarsa. Matsalar girmansa ce. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya, to yaya za a ba hanyar ruwa mai taku biyar sunansa? Abin da ya fi damuna shi ne a ce yara uku ba su san matsirga ba, sai a jefar da ita. Idan rediyo bai faɗe ta ba, a ina za su ji? Da haka muka wayi gari muna cewa famfo da tanki da tiyo, ba mu ko ji kunya ba.

Mai kiwon kifi, Minna: Baba Malam, a yi mini afuwa, amma famfo ya riga ya zama ɗan gida, kuma ko ku ba za ku aiki yaro kasuwa da wani suna ba. Ni dai ina ganin kakanninmu ba su damu da suna guda na gama-gari ba. Wanda ke jihar Nasarawa Farin Ruwa aka ce masa, saboda kumfarsa, kuma sunan ya zauna.

Magini, Kano: Madalla, Hajiya ta kawo mini hujja. Abin da ido ya gani aka bi, ba a buɗe littafin nahawu ba. Ido kuwa indararo yake gani.

Mai fassara, Kaduna: Na gode ƙwarai, amma lokaci yana ƙurewa, don haka na gwada kalmomin da baki a cikin jimla mafi wuya ta rubutun. Ga ta: "A zaɓi injin da zai iya juya dukan ruwan kwamin sau ɗaya a cikin awa ɗaya ko biyu, a kuma tuna cewa duk yadda 'yar matsirgar ta ƙara tsawo, haka ƙarfin ruwan zai ragu." Da na sa magangara sai jimlar ta zama kamar ana maganar tudu. Na gwada makwarara, wadda wani ya aiko mini a gefe, sai harshena ya harɗe a kan makwararar ruwa, kuma mai karanta shirin ba zai gode mini ba. Akwai kuma gargaɗin cewa idan wuta ta ɗauke, ruwan da ke kan hanya zai gangaro gaba ɗaya cikin kwamin, saboda haka a bar masa sarari kada ya yi ambaliya da kifin. A nan ƙorama ta zauna daidai, ɗan gulbi kuwa ya sa abin ya yi kama da labarin damina. Shawarar da na yanke ita ce in ce 'yar matsirga, in bi ta da bayani a karon farko cewa wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse ne, in ce ƙoramar gini domin a san ba ta Allah ba ce. Dutsen bakin kuwa, wanda ban ma tambaya ba, zan kira shi indararo, domin bayanin Alhaji ya fi na rubutun fitowa fili.

Tsohon malamin Hausa, Zariya: Na yarda da rabi. Ƙoramar gini ba ta yi mini daɗin ji ba, domin ana iya ɗauka ƙorama ce da ake ɗibar ruwan gini a cikinta. Ƙoramar gida ta fi, amma shirinki ne.

Ɗalibin harshe, Maraɗi: Ba a ɗauki tawa ba, kamar yadda na zata. Ƙorama dai muna jin ta, sai a bar shi haka.

Magini, Kano: Wato an ba ni dutse ɗaya an riƙe sauran ginin. Ba komai, Malama, ni a wurin aiki indararo zan ci gaba da cewa. Ki dai ƙara musu da cewa kada a saki kifi a kan sabon siminti sai an jiƙa shi an zubar da ruwan sau da yawa, domin kaifinsa yana kashe su. Ƙarfe nawa za a sa shirin? Ina so in ji ko indararon nawa zai tsira daga hannun edita.