Na kunna mls qos a Catalyst 2960-X, murya a wayoyin ofis ta ƙara lalacewa

Baban Hafsat

Assalamu alaikum. Suwic ne Catalyst 2960-X mai kafa 48, ɗauke da wayoyin Cisco 30 a VLAN 20 (VLAN rukuni ne da ake warewa a cikin suwic), kwamfutoci kuma suna jone a bayan wayoyin a VLAN 10. Kebul ɗaya na gigabit ne ke hawa zuwa babban suwic, layin intanet megabit 20. Da zarar kwamfutoci sun fara tura kwafin ajiya zuwa saba da la'asar, sai murya ta dinga yankewa, ta cikin gida da ta waje. Na rubuta `mls qos` don a ba murya fifiko, sai abin ya ƙara muni, fakitin da ake zubarwa a kafar hawa ma suka ƙaru. Ina na yi kuskure?

Injiniya Mai Kebul

Wa alaikumus salam, Malam. Umarnin da ka rubuta shi kaɗai ne ya jawo. A wannan suwic, idan QoS, wato tsarin ba wasu fakiti fifiko, a kashe yake, fakiti yana wucewa da alamar da ya zo da ita, ba a taɓa ta. Kana kunnawa, duk kafofin sai su daina yarda da kowace alama, su mayar da ita sifili. Wayar tana sa wa murya alamomin fifiko biyu, DSCP 46 a kan IP da CoS 5 a tambarin VLAN, saƙon haɗa kira kuma DSCP 24, amma suwic ɗinka yanzu goge su yake yi tun daga bakin ƙofa. Ko babban suwic da rauta suna da tsari mai kyau, ba abin da za su gani.

A kowace kafar waya ka sa `mls qos trust device cisco-phone` da `mls qos trust cos`. Na farkon da CDP, hanyar da na'urorin Cisco ke gane juna, yake gane waya, saboda haka kar ka kashe CDP a waɗannan kafofin. Idan wani ya zare wayar ya sa kwamfutarsa, yardar ta faɗi nan take. A kafar hawa kuma `mls qos trust dscp`, ka yi haka a ɗaya ɓangaren ma idan irin wannan suwic ne.

Akwai tarko ɗaya da ke kama mutane da yawa. Taswirar da suwic ya zo da ita tana fassara CoS 5 zuwa DSCP 40, ba 46 ba. A cikin suwic ba za ka ga bambanci ba, domin 40 zuwa 47 duk layi na ɗaya cikin layukan fita na kafa suke shiga. Sai fakitin ya isa rautar da ke neman 46 kaɗai, ya wuce a matsayin kaya na kowa da kowa. Maganinsa `mls qos map cos-dscp 0 8 16 24 32 46 48 56`.

Maman Abba

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma bai taɓo ƙaruwar zubar da fakiti ba, kuma ita ce ta fi damuna. Kowace kafa tana da layukan fita huɗu. Kana kunna QoS ake raba ma'ajin kafar, inda fakiti ke jira kafin ya fita, gida huɗu, kashi 25 cikin 100 ga kowane layi. Duk abin da ke da alamar sifili layi na biyu yake shiga. To yanzu murya da kwafin ajiya da komai sun cunkushe a layi ɗaya mai rubu'in wurin da suke da shi a da, sauran ukun suna zaune fayau.

Kar ka duba matsakaicin amfani na minti biyar ka ce kebul bai cika ba. Kwamfuta 30, kowace da kafar gigabit, suna zuba wa kafar gigabit ɗaya. Fakiti mai bayit 1500 yana ɗaukar mikrosakan 12 kafin ya fita. Idan goma suka turo a lokaci guda, ma'aji yana cika cikin 'yan milisakan, alhali jadawali yana nuna maka kashi 20.

Bayan ka gyara yarda, sa `priority-queue out` a kafar hawa da kafofin wayoyi, don layi na ɗaya ya riƙa fita kafin kowa. Sannan ka buɗe wa layi na biyu hanya ya ara daga ma'ajin tarayya da `mls qos queue-set output 1 threshold 2 3100 3100 100 3200`. Ka duba kafar hawa da `show mls qos interface gi1/0/49 statistics`, ka ga ko lambar da ke gurbin DSCP 46 tana hawa yayin da ake kira. Lura, a wannan nunin daga sifili ake ƙirga layukan, layi na ɗaya shi ne queue 0.

Kuma murya kaɗai za ka bari a layin fifiko. Kira ɗaya da tsarin murya na G.711 fakiti 50 ne a sakan, kusan kilobit 87 idan an haɗa da kan Ethernet, wayoyinka 30 gaba ɗaya ba su kai megabit 3 ba. Amma ka bar kyamarorin tsaro su shiga wannan layin, za su hana sauran ukun motsi.

Baban Hafsat

Na gode Injiniya, na gode Hajiya. Na yi duka, kiran cikin gida ya gyaru, queue 0 ba ya zubar da komai. Na waje ne har yanzu yake sarƙewa.

Injiniya Mai Kebul

Wannan ba aikin suwic ba ne kuma, Malam, na rauta ne. Kafarta gigabit ce, kamfanin intanet kuma megabit 20 ya ba ka, saboda haka ita ba ta taɓa ganin cunkoso ba, balle ta jera kowa a layi. A na'urar kamfanin ake cunkushewa, can kuma galibi ba ruwansu da alamarka. A megabit 20, fakiti mai bayit 1500 yana cin milisakan 0.6. Guda 64 a gaban fakitin murya sun kai milisakan 38, alhali ana so bambancin jinkiri kar ya wuce 30, jinkirin tafiya ɗaya kuma kar ya wuce 150 bisa shawarar G.114 ta ITU.

Ka jawo cunkoson ya dawo hannunka. A kafar waje ka sa tsari na sama mai `shape average 18000000`, a ƙarƙashinsa ajin da ya kama `dscp ef` (wato DSCP 46) da `priority 1200`, wanda zai ɗauki kira 12 a lokaci ɗaya. Ka auna gudun turawa na gaskiya tukuna, don idan 15 kake samu, matsewa a 18 aikin banza ne. Wannan abin da ke fita kawai yake gyarawa. Idan ku ne ba kwa jin na waje sosai, matsalar a hanyar shigowa take, sai ka nemi kamfanin ya ware wa SIP, wato layin kiran waya ta intanet, hanya ta daban.

Maman Abba

Ƙari ɗaya. `trust cos` yana mayar da duk abin da ya fito daga kwamfutar bayan waya sifili, tunda ba ta sa tambarin VLAN, CoS kuma a cikin tambarin yake zama. Idan ma'aikata suna kira ta Teams, muryarsu ba ta da fifiko ko da Group Policy, saitin da ake tura wa kwamfutocin Windows, ya sa mata 46. Sai ka rubuta policy-map, wato dokar tantance fakiti, na shiga da zai kama muryar da ke zuwa daga lambobin kafar UDP 50000 zuwa 50019 ya sa 46, bidiyo daga 50020 zuwa 50039 ya sa 34, ka ɗora iyakar gudu a ajin muryar don kar wata manhaja ta fake da waɗannan lambobin.