Binciken takardu ko tara: wanne ya fi hana asibitoci aringizon kuɗin jinya?

Mai Tantancewa:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen tantance takardun neman biya na wani kamfanin inshorar lafiya, kuma a makon jiya na ci karo da takardar wani asibiti da ya nemi kuɗin kwanciyar kwana biyar, alhali katin majinyaciyar ya nuna an sallame ta washegari. A ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari, me ya fi tsorata asibitoci, yawan bincike ko nauyin tara?

Tsohon Akanta:
Wa'alaikumus salam. Malam, misalin Amurka zai amfane ka. Tun 1983 shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, yake biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi gwargwadon rukunin cutar, saboda haka masu ha'inci sukan rubuta ciwon huhu na yau da kullum a matsayin mai tsanani domin a biya su fiye da ƙima. Kamfanin Columbia/HCA, mai asibitoci da yawa a Amurka, ya biya kusan dala biliyan 1.7 a sasantawar da aka yi a 2000 da 2003 kan wannan da wasu laifuka. Dokar da aka kama shi da ita tsohuwa ce, ta 1863, wadda Lincoln ya sanya wa hannu saboda 'yan kwangilar da ke cutar sojoji lokacin yaƙin basasa. A yau tana cin mai laifi ninki uku na abin da ya wawure, tana kuma bai wa wanda ya tona asiri kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Cikin waɗanda suka fallasa HCA har da ma'aikatan lissafinsa, domin ɓarawon gida sai ɗan gida.

Likitar Yara:
Ban yarda tara ce ke razana su ba, tun da babban kamfani yana iya lissafa ta cikin kuɗin kasuwanci. Abin da ke hana shi barci shi ne a cire shi daga Medicare baki ɗaya. Binciken ma yana da nasa aibu: da aka ɗauko kamfanoni masu zaman kansu ana biyansu kaso daga kuɗin da suka ƙwato, sai suka riƙa ƙin amincewa da kwanciyar da likita ya ga ta wajaba, ƙararraki suka taru har asibitoci suka yi shekaru suna jiran hukunci. Kuskuren magatakarda daban yake da sata da gangan.

Tsohon Akanta:
Gaskiya ne, Likita, sai dai takardar da Malam ya gani ba ta yi kama da kuskure ba. Shawarata ita ce ya ciro takardu 30 na wannan asibitin ba tare da zaɓe ba, ya gwada su da rajistar ɗakin kwanciya da ta kantin magani, sannan ya kira majinyatan a waya. Idan abin ya maimaita kansa, ya miƙa rahoto ga NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya.

Mai Tantancewa:
Na gode ƙwarai. Na kira matar jiya, ta tabbatar mini cewa kwana ɗaya ta yi, kuma ba a ma sanya mata ƙarin ruwan da aka rubuta ba.